Rigar Akwatin Inji

Maigidana mai injin niƙa ne, Allah Ya jiƙansa. Shagon yana jikin katangar gidanmu a Ƙafin Maiyaki, tun ina da goyon fari har na aurar da auta. Injin na dizal ne, irin wanda sai an zura hannun ƙarfe an yi ta juyawa da ƙarfin ƙirji kafin ya tashi. Da ƙuruciya juyi uku Malam yake yi masa. Da girma ya zo, sai in jiyo shi daga madafa yana juyi yana tsayawa, ya yi tari, ya sake kamawa.

Wata shekara da kaka ya faɗi a gindin injin. Aka kai shi asibiti a Kiru, likita ya ce zuciyarsa ta gaji, kada ya ƙara tayar da wannan inji. Da muka shigo gida Malam ya dube ni.

"Wato in koma zaure ina korar kaji," ya ce.

Babban ɗanmu da ke tuƙi a Kano shi ya nemo mafita. Ya zo da wani mai aikin lantarki daga Tudun Wada, dattijo mai yawan barkwanci. Suka jera farantan sola a kan rufin shago. Suka kwance bel daga tsohon injin, suka bar shi a gurbinsa saboda nauyi. A gefensa suka zuba kankare, suka ɗaure sabon injin lantarki da suke kira moto, bai fi turmi girma ba. Mai gyaran ya ɗauki rabin yini da zare a hannu, yana matsar da moton kaɗan-kaɗan don bel ɗin ya tsaya sak. Sannan ya kafa wani akwati mai ruwan toka a bango. Ya ce shi ne ke ba moton wuta gwargwado: a danna kore ya tashi a hankali, a murɗa ɗan kunnen da ke jikinsa ya ƙara gudu ko ya rage.

Da aka fara gwadawa, sai injin ya juya da baya.

"Ka kawo mini injin da zai mai da gari dawa?" in ji Malam.

"Baba, baƙo ne, bai san alƙibla ba tukuna."

Ya sauya wayoyi biyu, ya daidaita. Ranar na ji dariyar Malam har cikin ɗakina.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi sauƙi da muka gani. In masara ce ya murɗa kunnen sama, in markaɗen wake ne ya sauke ƙasa, ba hayaƙi, ba wari a rigarsa. Har gaisuwar mata yake ji, shi da a da sai an yi masa nuni da hannu.

Ni kuwa in na kai masa fura, akwatin nake kallo. Gari yana sauka a kansa fari fat, yana shiga ƙananan ramukan da ke samansa da ƙasansa. Tun tasowata abu mai daraja rufe shi ake yi. Alƙur'ani yana da gafaka, rediyon Malam yana da riga, keken ɗinkina ma haka. Ga abin da ya tsaya tsakanin mijina da kabari an bar shi tsirara. Na auna shi da taƙina, na yanka wani zanena mai kauri, na sa masa shafi da buhun taki don ko ƙwayar gari kada ta ratsa. Na bar 'yar taga daidai madanni da kunnen, na sa igiya a bakin ƙasa. Kwana huɗu na yi a kai.

Malam ya juya rigar a hannu.

"Tsohuwa, ni ban samu sabuwar riga bana ba, sai akwati?"

"Shi ne ke aikin ai."

Da kansa ya sa masa, ya ja igiyar ya ƙulle.

Da bazara ta yi zafi, injin ya fara ɗaukewa ana tsaka da niƙa. Malam ya kashe, ya jira kaɗan, ya sake tayarwa. Ya kira mai gyaran a waya, shi kuma ya ce masa gari ne, a riƙa hure ramukan. Sai Malam ya riƙa ɗaga rigar da safe ya hure, ya mayar. Ni kuma da na ji an ce gari ne, na ƙara mata shafi na biyu.

Wata ranar kasuwa, bayan azahar, na ji ƙaurin roba. Ko da na fita mata sun yi cirko-cirko da ƙoransu, Malam yana ta danna koren.

Mai gyaran ya zo washegari. Ina bayan katanga, ina saurare ta ramin da muke miƙa kwano. Babu barkwanci a bakinsa ranar.

"Baba, wa ya sa masa wannan? Akwai fanka a ciki, ta ramukan nan yake shan iska. An toshe masa hanci ne har ya ƙone."

"Ni na sa," in ji Malam.

"Wa ya ɗinka?"

"Na ce ni na sa."

Da ya shigo gida na kasa ɗaga kai. Ya ce in ba shi ruwan alwala, kuma har ya bar duniya bai ta da maganar ba.

Ɗanmu ya ce a yi haƙuri zuwa ƙarshen damina, zai kawo wani akwatin. Malam ya yi mako uku a zaure yana kallon mata suna wucewa da niƙansu zuwa wata unguwa. Wasu su gaishe shi, wasu su sauya hanya don kunya. Wata safiya ina wanke-wanke na jiyo ƙarar ƙarfe a shago. Malam ne ya mayar da bel jikin tsohon injin. Na fita da gudu ko mayafi babu.

"Malam, don Allah ka bari."

"Yau kawai. Masu biki ne, na yi musu alkawari."

Injin ya tashi ranar, ya tashi washegari. A rana ta biyar bai tashi ba. Na same shi zaune a ƙasa ya jingina da buhu, hannun ƙarfen a cinyarsa. Kafin a samo mota ya cika.

Bayan sadakar arba'in ɗanmu ya kawo akwatin, aka kafa, ƙaninsa ya karɓi shagon. Na ji shi yana gaya wa ƙanin cewa kada ya yi irin kuskuren Baba. Na kira wan zuwa ɗaki.

"Ba kuskuren ubanku ba ne. Ni na ɗinka, ni na ƙara shafi."



"Inna, wa'adi ne," ya ce.

Na san wa'adi ne, ban taɓa ja da hukuncin Allah ba. Amma na ce ya tashi ya je shago ya gyara maganarsa a gaban ƙaninsa. Ya tashi ya tafi. Ni kuma na zauna na yi kukan da ban iya yi ba ranar jana'iza.