Masu Gadi Uku a Kwamfuta Ɗaya

A shekarun da hanyoyinmu suka lalace, ina aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta a Batsari, gidanmu kuma yana Wagini. Kullum da safe nakan bar ɗiyata 'yar wata shida a hannun Inna, mahaifiyata, in hau acaɓa. Babur na ƙarshe mai komawa yakan tashi ƙarfe biyar. Bayan wannan ko nawa za ka biya babu mai bin hanyar, saboda 'yan bindiga.

Ƙarfe huɗu muke rufewa, kuma da a ce kwamfutar tana da mutunci, da lokacin ya ishe ni. Amma sai in danna kashewa ta tsaya tana juya 'yar da'irarta minti arba'in, wani lokaci fiye. Ba dama in tafi in bar ta, don sai ta mutu nake kashe janareta, a jawo shi ciki, in sa kwaɗo. Zare wayar wutarta kuma haramun ne. Mai shagon, wani tsohon hedimasta, ya taɓa zarewa ya yi asarar takardun ɗalibai, don haka ranar da ya ɗauke ni aiki ya sa na yi masa alkawari.

Haka nake zama da jaka a kafaɗa, ina kallon gilashin kwamfutar ina kallon agogo, nono yana tsatsafowa har ya jiƙa mini riga. Na tsani na'urar nan kamar mutum. Na goge hotunan bikin mutane, na hure mata ƙura, na rufe duk abin da yake buɗe, har lallashinta na yi. Ko a jikinta.

Na kira wani mai gyara a Katsina. Ya ce zuwa Batsari kam in yi haƙuri, yana da iyali, amma in karanta masa abin da ke ƙasan allon. Da na karanta ya yi dariya.

"Hajiya, manhajar kare kwamfuta daga cuta har uku gare ku. In za a kashe, kowace sai ta binciki komai, sannan ta binciki 'yan uwanta. A cire biyu."

Ashe Hedimasta ne. Duk wanda ya shigo shagon da alamar ya san kwamfuta, sai ya roƙe shi ya ƙara mata "mai gadi". Na kai masa maganar cikin ladabi.

"Baba, an ce su ke riƙe ta."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗiyata, a wannan zamani ki ka ga ana rage masu gadi? Unguwarmu ƙofa ukku mu ka yi, shi ya sa ni ke barci."

Ni ma na san abin da ya sa aka yi ƙofofin. Na ƙara mako biyu ina gudu zuwa tasha, ina isowa da haki.

Wata Laraba da ya tafi sallar azahar, na cire biyu daga cikin masu gadin kwamfutar. Ƙarfe huɗu na danna, kafin in gyara hijabi ta mutu. Daɗi ya kama ni har na tsaya na saya wa Inna ƙosai.

Na isa tasha huɗu da kwata, na tarar babu babur ko ɗaya. Mai ƙosan ce ta biyo ni da bayani: an tare hanya da hantsi, 'yan acaɓa sun yanke cewa daga yau ƙarfe uku ne na ƙarshe.

Na kwana gidan goggona, ƙirjina ya cika da nono ya yi tauri kamar dutse. Da safe na hau babur na farko. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ba yarinyar koko da cokali.

"Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta karɓa," in ji ta.

Na zauna a tabarma na miƙa hannu. Ɗiyata ta dube ni, ta juya ta buɗe wa cokalin baki.