Kundin Malaman Turanci

Shekarar da na fara koyarwa, tun Turawa ba su tafi ba, Kalgo aka tura ni, aka ba ni ajin da ake fara Turanci. Littafi ɗaya tal muke da shi, shi ma a hannuna yake. Hotunan ciki kuwa jirgin ƙasa ne da tuffa da gida mai bututun hayaƙi, abubuwan da yaran ba su taɓa gani ba. Da na juya zan yi rubutu a allo sai aji ya kaure kamar kasuwar kifi. Na yi tsawa har muryata ta dushe. Na samo tsumagiya na ajiye a kan tebur, kafin a tashi ta yi ɓatan dabo.

Da aka yi hutu na hau keke na nufi gida Gwandu. Bayan na gai da mahaifiyata, sai na wuce wajen tsohon malamina, wanda ya koya mini Turanci tun ina ƙarami. Na same shi a zaure yana dama fura. Na zayyana masa komai, ya yi ta dariya har ludayi ya kuɓuce masa.

"To ai kai ma haka ka yi mini, ɗana," in ji shi.

"Allah shi gafarta Malam, ban kai su ba."

"Ka hi su."

Ya shiga ciki ya fito da wani kundi mai bangon jar fata, duk ya sha hannu, ya miƙa mini. Ya ce malaman Turanci na wannan yanki ne ke rubuta dabarunsu a ciki. Kowa ya riƙe shi tsawon wata guda, ya gwada abin da ya ga dama, ya ƙara nasa guda ɗaya, sa'an nan ya ba direban motar auduga ya kai wa na gaba. Ba a sa suna. Wani rubutun kamar tafiyar kaza, wani kamar na ɗab'i.

Abin da na fara ɗauka shi ne na wani da ya ce kada ka yi faɗa da mai surutu, ba shi aiki. Akwai wata 'yar masunta a ajina, in ta yi magana har bakin hanya ana ji. Na naɗa ta mai ba da waƙa: in faɗi jimla, ta rera ta, aji su amsa da tafi. Cikin mako guda, in ta ɗaga hannu sai ka ji tsit, abin da ni ban taɓa samu ba.

Na biyu shi ne na auduga. Mu mutanen yamma ko "tafi" ma "tahi" muke cewa, balle a ce mu raba p da f na Turanci. Mai dabarar ya ce a ba kowane yaro ɗan tsakuren auduga ya riƙe gaban baki. In ya rufe leɓɓa ya saki p daidai, audugar za ta yi tsalle. In f ce, haƙora bisa leɓe, sai dai ta yi rawa. Na roƙo auduga cike da hula na raba. Kan ka ce kwabo aji ya zama kamar rumfar masu shiɓar auduga, fari a kan kowa, ana ta tuntsira dariya.

Ana cikin haka hedimasta ya leƙo, dattijo ne mai tamke fuska.

"Malam, mi ke hwaruwa nan?"

"Ranka ya daɗe, Turanci muke yi."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. 'Yar masuntan nan ta taso ta durƙusa ta miƙa masa tata audugar, ta nuna masa yadda ake sakin p. Ya karɓa, ya gyara tsayuwa, ya furta. Auduga ko motsi. Ya sake, shiru. Yara sun cika kumatu, ba mai ikon saki. A na uku ta yi sama ta sauka a gemunsa, shi ya fara fashewa da dariya, muka bi. Daga ranar, duk Laraba sai ya shigo ya zauna a bencin baya.

Da wata ya cika na rubuta tawa. Na ce mu bar jirgin ƙasa, yara su zana kwalekwale da gora da tarwaɗa da saniya a bayan kwalin sukari, a rubuta sunan Turanci a ƙasa, a jingina a bango. Na ba direba kundin, ina ganin tawa ƙaramar dabara ce a tsakanin manya.

Sai da damina ta zagayo kundin ya dawo hannuna, ya ƙara kauri. Na yi sauri na buɗe shafina. A gefe wani ya rubuta da jan biro na gyaran jarrabawa: "Na gwada, yara sun so ƙwarai. Amma ajina ba ƙyaure, awaki sun cinye saniya da tarwaɗa." A ƙasansa wani kuma ya amsa masa: "Rataye su da igiya a azara." Washegari na sayo igiyar rama, ni da yara muka hau benci muka rataye namu.