Ƙullin da Na Yi wa Sakiya a Ƙasan Kunnen Taubashina

Edita, ni wanzami ne ɗan wanzami, kuma a shekarun farko da aka cire Kebbi daga Sakkwato ina cikin ganiyata. A Jega nake zaune, amma zabirata ta san hanyar Aliero da Maiyama da ƙauyukan da ke tsakani. Aski, ƙaho, cire belu, sakiya, duk na iya, kuma na san na iya, wannan ita ce matsalata. Idan aka yabi hannuna sai in ji kamar na fi kowa tsawo a kasuwa. Idan aka ambaci asibiti a gabana kuwa, sai in taɓe baki in ce ai kafin a gina ta kakana yake warkar da mutane. Na rubuto ne don in faɗi abin da wannan girman kai ya jawo wa mutumin da na fi ƙauna.

Taubashina ne, ɗan kawuna, malami a Alelu. Da safe yana karantarwa, da rani yana noman albasa, da azumi kuma shi ke jan baƙi a wurin tafsiri, don Allah ya ba shi murya. Duk Juma'a da hantsi nakan hau keke in je in yi masa aski kafin masallaci. Wasan taubasai ba ya ƙarewa tsakaninmu. Yana kirana Sarkin Aska don tsokana, alhali ko unguwa ba a naɗa ni ba, ni kuma in ce masa kansa ya fi kabewa wuyar aski. A wani irin wannan askin ne, ina gyara masa saje, babban yatsana ya taɓa wani ƙulli a ƙasan kunnensa na hagu, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Na tambaye shi ko yana ciwo, ya ce a'a. Na ce kaluluwa ce, za ta baje.

Ba ta baje ba. Aka cire albasa, aka yi damina, aka sake dashe, ƙulli ya kai goro. Mutane suka ce hangum ne, ko da yake kowa ya san hangum ba ya shekara. Na yi masa ƙaho sau biyu, na haɗa masa sassaƙe yana shafawa. A nan ne matarsa, mace mai hankali da ba ta cika magana ba, ta tare ni daga bayan zana bayan mun gaisa. Ta ce mini ita dai abin ga bai kwanta mata ba, wata 'yar'uwarta da ke aikin jinya ta ce a kai Malam asibiti a duba. Na ji kamar ta mare ni. Na ce mata asibiti ta waɗanda ba su da wanzami a gida ce, ta bar mini aikina. Ta ce to, Allah shi ba da lahiya, ta koma ciki. Malam ya yi dariya ya ce Sarkin Aska ya yi hukunci.

Juma'ar da ta biyo baya na yi masa sakiya. Na sa ƙarfe a wuta ya yi ja, aka riƙe masa kai, na huda. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai da wuri ya ƙure: tun kafin in huda na san ba maruru ba ne. Maruru yana da zafi, yana da laushi a tsakiya, yana zogi. Wannan kuwa tauri gare shi kamar dutse, ba ya motsi a ƙarƙashin fata, kamar an dasa shi a ƙashi. Yatsana ya faɗa mini gaskiya, na ƙi saurara, saboda na riga na cika baki a gaban mace. Da na zare ƙarfen ko ɗigon mugunya bai fito ba, sai jini. Na goge, na ɗaure, na ce masa a ciki za ta tsiyaye.

Wurin bai warke ba. Bayan 'yan watanni, ina zaune yana alwala, na ga ruwan kurkurar baki yana zubo masa ta gefen hagu bai sani ba. Na duba fuskarsa da kyau, bakin ya ɗan karkace, idon hagu kuma ba ya rufuwa sosai. Da azumi ya zo ya zauna jan baƙi, haruffan da ake haɗa leɓe a furta su suka riƙa kuɓuce masa, har ya nemi a samo wani ya karɓe shi. Gari ya ɗauka cewa iska ce ta buge shi a fadama. Aka shiga rubutu da hayaƙi. Ni kaɗai na san iskar nan a ƙasan kunne take zaune, kuma ni na tsokane ta.

Ranar da Malam ya tambaye ni, ba da wasa ba, ko na ga bakinsa zai koma daidai, na kasa duban idonsa. Washegari na ajiye zabira, na ɗauke shi muka tafi asibiti. Daga can aka tura mu babban asibiti a Sakkwato. Likitan ya taɓa wurin, ya ga tabon, ya tambayi wanda ya huda. Na ce ni ne. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Suka ɗebi ɗan naman wurin suka aika gwaji, muka yi makonni muna jira. Da sakamako ya fito ya zaunar da mu ya yi bayani. Ya ce a gaban kunne da ƙasansa akwai naman da ke samar da miyau, kuma ciwon daji ne ya kama na Malam, irin wanda ba a cika gani ba. Ya ce jijiyar da ke motsa fuska ta cikin naman nan ta ratsa, ciwon ya riga ya cinye ta, hudawar da aka yi kuma ta buɗe masa hanya zuwa fata. Da an zo tun yana kamar gyaɗa, mai yiwuwa da an cire shi an bar jijiyar. Yanzu sai an yi babban aiki, a cire duka, a bi da gashi na na'ura don ƙone abin da ya rage.

Da muka koma Alelu dangi suka taru a zaure. Jin sunan daji kawai, dattawa suka ce ba za a yi aiki ba, ai kowa ya san daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Malam kansa ya ce shi ya haƙura, a bar shi shi mutu a ɗakinai. Sai wani dattijo ya juyo ya ce a tambayi wanzami, shi ya san ƙarfe. Na miƙe. Na ce musu ƙarfe kam an riga an sa, ni na sa, kuma na sa shi ina sane da cewa ba maruru ba ne. Na ce ƙarfena huda ya yi ya bar ciwon a ciki, na likita kuwa ciro shi zai yi, ba ɗaya ba ne. Na ce matar Malam ta faɗi gaskiya tun da wuri na take ta, kuma ba zan tashi daga zauren nan ba sai an yarda. Malam ya daɗe yana kallona da idon nan da ba ya rufuwa, sannan ya ce, to Sarkin Aska, tunda kai ka fara, kai za ka raka ni a ƙarasa.

Na raka shi. An yi aikin, ya tashi. Gashin kuwa babu na'urarsa a kusa a wancan lokacin, sai da muka yi tafiya mai nisa zuwa kudu, garin da ko yarensu ba ma ji. Mun yi makonni. Bakinsa ya bushe, ya yi gyambo, ko kunu da ƙyar yake haɗiya, ni nake ba shi da ludayi. Sau biyu yana cewa mu koma gida, sau biyu ina ɓoye takalmansa. Ban bari ya tsallake ko rana ɗaya ba.

Malam yana nan da rai, alhamdu lillahi, yana zuwa a duba shi lokaci-lokaci. Amma bakin bai koma ba, bai sake jan baƙi ba, kuma duk inda za shi da butar ruwa a hannu saboda bushewar baki. Na nemi gafarar matarsa, ta ce ta yafe. Ni kuma na jefa ƙarfen sakiyata a kogi.

Kirana ga 'yan'uwana wanzamai shi ne, mu ne muke taɓa fuskokin mutane duk mako, mu ne kan fara jin irin wannan ƙulli. Duk kumburin da ke gaban kunne ko ƙasan muƙamuƙi da ya yi makonni bai baje ba, ko ba ya ciwo, kada a huda, kada a tsaga, kada a jira baki ya karkace. Ba kowane ba ne daji, amma ba yatsanmu ne zai tantance ba. Mutum huɗu na tura asibiti tun daga lokacin, ɗaya har ya yi fushi ya sauya wanzami, ban damu ba.

Har yau ina zuwa Alelu duk Juma'a. Tun bayan gashin na'urar, saje bai ƙara tsirowa a kuncin Malam na hagu ba. Yakan tsokane ni ya ce ya rage mini rabin aiki. Ina aske dama, in juya kansa, in jiƙa hagun da ruwa ko da yake babu abin askewa, in bi tabon da yatsana a hankali har ƙasan kunne, ina sauraron abin da yatsan zai faɗa mini.