Buhu Ɗaya, Bulo Sittin

Ku matso ku ji, 'ya'yana, ba labarin daɗi ba ne. Ni ɗin nan shekara ashirin na yi ina sayar da siminti a Sabon Gari. Ban taɓa shiga aji ba, amma in na kalli fili zan faɗa muku bulo nawa zai ci, kwanon rufi bandir nawa. Shi ya sa da matan majami'armu suka sami fili a bayan Samaru don gina sansanin taron matasa, ɗakunan kwana shida da madafa da bayan gida da rijiya, suka ce, "Mama, ke za ki yi mana ƙiyasi, ke za ki riƙe kaya."

Na yi shi daidai. Buhu ɗaya, bulo talatin da biyar. Aka rubuta, na dangwala yatsa. Da suyar ƙosai da kitso da wankau matan nan suka tara kuɗin.

Sai maginin, wani mai kiran kansa Injiniya, ya same ni a shago. Ya ce, "Mama, kin cika tsoro. A ƙara yashi, buhu ɗaya ya ba da arba'in da biyar."

Na ce, "Zai tsaya?"

Ya ce, "In aka shafe da filasta, ko Fasto ba zai gane ba."

Buhu goma na fara mayarwa shago na sayar, muka raba. Ko gezau. Muka kai bulo hamsin a buhu ɗaya, muka kai sittin. Kuma na san bulo! In murza shi da yatsa ya zube kamar garin kwaki, in goge hannu a zane in wuce. Tir da ni.

Ranar taron farko aka wuni ana ruwa. Bangon madafa ya rufto kan Saratu, mai 'ya'ya huɗu ba miji, tana tuƙa tuwon baƙi. Ƙugunta ya karye. Injiniya, la'ananne, ya kashe sabuwar wayarsa ya ɓace, har yau.

A kotu alƙali ya ɗaga takardar ƙiyasin ya ce, "Baba, tunda ba ki karatu, ko cutarki aka yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya fi ni sanin abin da ke ciki."

Shekara biyu na yi a gidan yari.

Da na fito na tafi unguwarsu Saratu, Hanwa, na durƙusa gaban gadon Saratu ina kuka. Ta kalle ni. Ta ce, "Na yafe, Mama, tunda an umarce mu. Ajiye kukan, miƙo mini fo ɗin can."

Na miƙa, na zubar, na wanke. Yau ma daga can nake.

Kada wanda ya ce mini talauci ne. Ba yunwa nake ji ba, kwaɗayi ne tsagwaronsa. Ku da za a danƙa wa amanar ginin jama'a, duk ranar da hannunku ya fara ƙaiƙayi, ku zo Hanwa da safe ku kama mini mu ɗaga Saratu.