Mai Jita a Layin Likita

A layin ganin likita akwai wani dattijo da ya kasa zama lafiya. Jitar lantarki na jingine a gwiwarsa, yatsunsa na hagu suna ta yawo a cinyarsa kamar suna danna tsirkiya. Ƙaramin ne kawai ba ya motsi, a naɗe yake da bandeji.

Matar gefensa ta ce, "Baba, wace waƙa ce haka?"

"Ba waƙa ba ce, 'yata, kiɗa ne zalla. Ba na shirya shi, sai na hau dandamali yake zuwa min."

Ina zaton tsoronsa kada kiɗan ya zo yatsan ya ƙi amsawa. Sau biyu ana kiransa, yana cewa na bayansa ya fara shiga.