Tagar da Inna ta huda a madafa

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar surukata, Inna Dije ta Gafasa. Jikokina sunanta kawai suka sani, shi ya sa na ce bari in ba su labarinta, ku ma masu karatu ku sha.

Daga Gaya aka kawo ni gidanta ina amarya, a farkon shekarun saba'in. Madafarmu ɗakin ƙasa ne mai ƙofa ɗaya, ba taga ko ta leƙe, kuma da gangan aka gina ta haka. A saman murhu ake rataye irin shuka, zangarniyar gero da dawa da masara, hayaƙi ya yi ta dukansu har su yi baƙi, ƙwari su kasa kusantarsu sai damina ta faɗi. Irin gidan duka a hannun Inna yake, kuma ba ta wasa da shi. Mu kuwa mata mu shiga da ido fari mu fito da ja, muna tari muna share hawaye da gefen zani. In kin yi ƙorafi a ce za ki saba. Sabo kuwa turken wawa ne.

Da na haifi ɗana na fari, wanda har yau kunya ba ta bari in kama sunansa, a goye nake shiga girki da shi. Bayan kaka sanyi ya shigo, har muna sakaya ƙofar madafa da asabari. Sai yaro ya kama tari, ƙirjinsa yana kuka kamar na ɗan kyanwa. An yi jiƙo, an sha rubutu. In muna tsakar gida ya samu sauƙi, da mun shiga madafa abin ya dawo. Wallahi na tsorata, har tuwon da na tuƙa ba na iya ci.

Inna tana kallo. Wata safiya da maza suka tafi kasuwa, ta ɗauko gatari ta hau turmi, ta shiga saran bango saitin murhu, sai da ta huda ramin da ƙwarya za ta wuce. Ina tsaye na ga hayaƙi ya samu hanya yana fita.

Da Malam, mai gidanta, ya dawo ya gani, ya ce, "Dije, kin san abin da kika yi kuwa? Me za mu shuka?"

Ta ce, "Malam, iri ana arowa. Numfashin mijin nan nawa fa, wa zai ara mana?" Jikan nata take nufi, haka take kiransa da wasa. Malam ya shige turaka.

Maganarsa kuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Ƙwari suka yi wa irin dawa kaca-kaca, sai da Inna ta taka har Balan wajen 'yan'uwanta ta samo wani. Matan unguwa suka yi ta yi mata tsiya, wai ta yi wa ƙwari ƙofa, ita kuwa sai dariya. Daga shekarar ta koma cuɗa iri da toka tana liƙewa a tulu. Tarin yaro ya yi ta raguwa har ya bari.

Yanzu in na shiga Gaya nakan tuna da ita. Da za ta ga jikata tana girki a kan gas ba ko ɗigon hawaye, na san guɗa za ta yi. Amma da ta ga adaidaita-sahu da babur suna tirniƙe titi da hayaƙi, janareta na kuka a bakin ƙofa, ana kunna gawayi da leda, ana rufe ɗaki a kan hayaƙin maganin sauro, cewa za ta yi mun kori abu daga madafa mun sake shi a gari. Rigakafi dai har yau ya fi magani.

Ita kanta tari ne ya tafi da ita, don nata ƙirjin ya riga ya sha hayaƙin shekaru kafin ta ɗauki gatari. Wannan yakan sosa mini rai, amma ba na kuka da rabona. Inna ba ta bar gona ko shanu ba. Yaron nan dai ya girma har ya yi furfura, shi ne ladanin unguwarmu. Kullum da asuba in ya ja kiran salla bai yanke ba, sai in ce Allah ya jiƙan Inna.