Jan Ganyen Alhaji Sabo

Alhaji Sabo ya rasu a Guangzhou, a sanyin da ya biyo bayan wasannin Olamfik. Bana shekara goma sha shida ke nan. Bakano ne, takalma yake saye yana aikawa gida. Ni ɗaurin kaya nake yi. Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Sanyuanli, mu da wasu 'yan kasuwa.

Ba ni da yawan magana, amma in aka taɓo shukar nan tasa bakina ba ya tsayawa. A bayan wani otal ya tsince ta, an gama Kirsimeti an yar. Sinawa na ce mata yipinhong, Turawa poinsettia. Asalinta ƙasar Meziko. Jan da ake gani ba fure ba ne, ganye ne. Furen ɗan mitsitsi ne, rawaya, a tsakiya. Da ya datse ta, farin ruwa ya fito kamar na tumfafiya, daga nan ta koma kore shar.

Lokacin Olamfik muna ihun ƙwallo, shi yana tsoma yatsa a tukunya, sai ƙasar ta bushe zai ba ta ruwa. A lokacin ciwo ya fara cinsa. Wata tsohuwa mai sayar da furanni ta nuna masa da hannu cewa ba za ta sake ja ba sai ta sha dogon duhu kullum, makonni a jere. Ɗakinmu kuwa fitila ba ta mutuwa, kowa na waya da gida. Sai ya samo babban kwalin takalma. Da magariba ya sa ta ciki ya rufe, da hantsi ya fito da ita.

"Alhaji, furen coci kake reno?" in ji Ɗanjuma, mutumin Damagaram.

"Allah ne ya halicce ta, ba coci ba. In ga janta kawai kafin in tafi."

Mun san tafiyar da yake nufi. 

Wata safiya na raka shi asibiti da wuri, bai buɗe kwalin ba. A ɗakin 'yan kasuwa kuwa, rufaffen kwali kaya ne. Ɗanjuma ya naɗe shi da salatif tare da nasa, mota ta kwasa sai Baiyun, wurin kayan jirgi.

Muka dawo, Alhaji ya dubi gurbin, ya zauna a ƙasa. Na fita da gudu na tare tasi sai Baiyun. A siton na tarar da kwalaye har rufi, mai wurin yana ta "meyo, meyo", wai babu. Na ce, "Laoban, maigida, akwai!" Na bi su ina ɗagawa, Ɗanjuma na gefe yana salati. Can na ji wani ba nauyi, ƙasa na motsi a ciki. Na yanka. Reshe ɗaya ya karye, amma ganyen sama ya soma ja! Na rangaɗa kabbara har Sinawa suka taru.

Da na ajiye ta gabansa ya yi dariya har tari ya kama shi. "Saura kaɗan ta riga ni zuwa Kano," ya ce.

Kafin sabuwar shekarar Sinawa ta yi jawur, kamar garwashi. Ya gani da idonsa. Allah ya jiƙansa.

Yau da zai leƙo, me zai ce? Ƙofar kowane babban kanti jere take da ita, har ta roba muke ɗaurewa zuwa gida. Na san zai murza ganyen robar ya yi tsaki. Biki na wucewa kuma zai bi bayan otal yana tsince-tsince.

Takalman da ya aika duk sun ƙare a ƙafafun mutane. Reshen da ya karye na dasa, ya kama, daga shi nake ta dasa wasu. Ina nan Sanyuanli ina ɗaurin kaya. Tukunyar na kan taga, kwalin na gefe, kuma ba wanda nake bari ya zo kusa da shi da salatif.